FIYE DA SHEKARA 250 BABU MAJAMI'A: LABARIN KIRISTOCIN ƁOYE NA ƘASAR JAFAN

Ran 30 ga watan Yuni na shekarar 2018, a birnin Manama na ƙasar Bahrain, Hukumar Ilmi, Kimiyya da Al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNESCO, ta amince da sanya waɗansu wurare 12 na kudu maso yammacin Jafan cikin jerin kayan tarihi na duniya. Goma daga cikinsu ƙauyuka ne na masunta da manoma, ɗaya kufan wani birni ne mai ganuwa, ɗaya kuma majami'a ce a cikin birnin Nagasaki. Duk suna cikin lardunan Nagasaki da Kumamoto, waɗansunsu a kan tsibirai da sai an shiga jirgin ruwa kafin a kai gare su.

Ba wannan ne karo na farko da Gwamnatin Jafan ta nemi wannan matsayi ba. A 2015 ta miƙa takardunta da sunan tsofaffin majami'un Nagasaki, tana alfahari da kyan gininsu. Masanan da ke ba hukumar shawara suka duba, suka ce a koma a sake shiri, a mai da hankali kan zamanin da aka haramta addinin. Ma'anar maganarsu a fili take. Majami'a ta jan bulo mai hasumiya ana samunta a ƙasashe da yawa, amma jama'ar da ta riƙe addininta tsara bayan tsara ba limami, ba littafi, ba ɗakin ibada, wannan kam sai a Jafan. Cikin watan Fabrairu na 2016, Jafan ta janye takardunta, ta sake su, aka koma kan ƙauyukan da mutanen suka ɓuya. Don haka duk mai son ya fahimci waɗannan gine-gine, dole ya fara da shekarun da babu ko ɗaya daga cikinsu.

ZUWAN BAƘI

Turawan Fotugal sun fara sauka a Jafan a 1543, da bindigogi da kayan ciniki. Bayan shekara shida, ran 15 ga Agusta 1549, wani limamin ɗariƙar Katolika mai suna Francis Xavier ya sauka a Kagoshima. A lokacin ƙasar a rarrabe take, kowane sarkin lardi da rundunarsa, ana ta yaƙe-yaƙe. Sarkin da ya karɓi limaman, jiragen Fotugal sukan tsaya a tasharsa, su kawo masa albarushi da siliki. Omura Sumitada shi ne sarkin lardi na farko da aka yi wa baftisma, a 1563, kuma shi ne ya buɗe tashar Nagasaki, har a 1580 ya damƙa garin a hannun limaman. Kafin a shiga ƙarni na 17 da nisa, ana ƙiyasta mabiya sabon addinin sun kai wajen 300,000.

Toyotomi Hideyoshi, jarumin da ya haɗa kan ƙasar, bai ji daɗin wannan al'amari ba, kuma in za a yi adalci ba a banza ya tsargu ba. Ya tarar da tashar jirage ta ƙasarsa a hannun baƙi. Ya ji waɗansu sarakunan da suka tuba suna rushe ɗakunan ibadar Buddha da na Shinto, addinin gargajiyar ƙasar. Fataken Fotugal suna sayen 'yan Jafan suna fita da su bauta. Ga kuma tsibiran Filifin, maƙwabta, sun riga sun faɗa hannun Sifen. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. A 1587 ya ba da umarnin korar limaman, ko da yake ba a tsananta ba. Bayan shekara goma sai ya nuna da gaske yake. Aka kama mutum 24 a Kyoto da Osaka, aka yanke musu gefen kunne, aka tasa ƙeyarsu cikin tsananin sanyi tafiyar kusan wata guda, a hanya aka ƙara biyu. Ran 5 ga Fabrairu 1597 aka gicciye su su 26 a kan tudun Nishizaka da ke Nagasaki. Ashirin 'yan Jafan ne, har da yara uku, ƙaraminsu ɗan shekara 12.

Gidan Tokugawa, wanda ya karɓi mulki bayan Hideyoshi, shi ne ya rufe ƙofa gaba ɗaya. A 1614 aka haramta addinin Kirista a duk faɗin ƙasa, aka rushe majami'u, aka kori limamai zuwa Makawo da Manila. A 1622 an kashe mutum 55 rana ɗaya a Nagasaki, waɗansu da takobi, waɗansu da wuta. Daga baya mahukunta suka lura kisa a bainar jama'a ƙara wa mabiya ƙarfin zuciya yake yi, sai suka canza dabara: maimakon a kashe mutum, a azabtar da shi har ya bar addinin da bakinsa. Sukan rataye shi kai a ƙasa cikin rami, su tsaga bayan kunnensa kaɗan don jini ya riƙa ɗiga kada ya mutu da wuri. A 1633 shugaban limaman da kansa, Cristóvão Ferreira, ya sallama bayan 'yan sa'o'i a cikin ramin. Aka ba shi sunan Jafan, ya ƙare rayuwarsa yana yi wa hukuma aiki.

Kufan da aka ambata a farko, watau Hara, a nan ne aka yi karon ƙarshe. A 1637 talakawan Shimabara da Amakusa, waɗanda haraji mai nauyi da yunwa suka kai maƙura, galibinsu kuwa Kirista, suka yi tawaye a ƙarƙashin wani saurayi ɗan kimanin shekara 16, Amakusa Shiro. Suka shige tsohuwar ganuwar Hara da matansu da 'ya'yansu. Runduna ta fiye da mutum 120,000 ta kewaye su, har wani jirgin Holan ya taimaka da igwa daga teku. Cikin Afrilu 1638 ganuwar ta faɗi, aka hallaka kusan duk wanda ke ciki, wajen mutum 37,000 bisa ƙiyasin da aka fi ambata. Masu tonon kayan tarihi na zamanin nan sun tono ƙasusuwa a wurin, tare da 'yan ƙananan gicciye da aka ƙera da dalmar harsashi. A 1639 aka kori Fotugal baki ɗaya, aka bar Holan kaɗai daga cikin Turawa, su ma daga baya aka killace su a ɗan tsibirin Dejima. Limami na ƙarshe, Konishi Mancio, an kashe shi a 1644.

MULKIN TAKARDA

Abin da ya biyo baya ya kamata ma'aikacin gwamnati ya dube shi da kyau, gama aikin ofis ne tsantsa. Aka wajabta wa kowane gida ya yi rajista a wani ɗakin ibadar Buddha, ya karɓi shaidar cewa ba Kirista ba ne. Ba a aure, ba a tafiya, ba a binne gawa sai da wannan shaida. Aka rarraba gidaje rukuni-rukuni, biyar-biyar, in an kama ɗaya sauran huɗun ma sun shiga uku. A mararrabar hanyoyi aka kakkafa allunan sanarwa masu faɗin ladan tona asiri. Allon 1711 ya sa azurfa 500 a kan limami, 300 a kan mataimakinsa, 100 a kan mabiyi. Ko wanda ya bar addinin ba a sake shi ba, ana rubuta sunayen zuriyarsa ana bin diddiginsu tsara da tsara.

Sa'an nan ga abin da suke kira fumi-e. Tun wajen 1629, kowace shekara akan tara mutanen gari, yawanci a gidan dagaci, a ajiye hoton Almasihu ko na Maryamu a ƙasa, kowa ya zo ya taka. Da farko na takarda ne ko na katako, da suka riƙa lalacewa sai aka zuba na tagulla. Tsoho da jariri duk ɗaya, marar lafiya kuwa a kai masa har shimfiɗa a ɗora a tafin ƙafarsa. Magatakarda na zaune yana duba fuskoki, yana sa alama a gaban kowane suna. An yi fiye da shekara 200 ana wannan a Nagasaki.

Wani abin mamaki, waɗannan littattafan rajista da aka ƙirƙiro don farautar mutane su ne a yau masana ke amfani da su wajen sanin yawan jama'ar Jafan ta dā, da shekarun aure, da yawan haihuwa da mutuwa, ƙauye-ƙauye. A 2011 an gano irin waɗannan takardu fiye da dubu goma a ɗakin karatu na fadar Paparoma, waɗanda wani limami ɗan Italiya, Mario Marega, ya tattara a yankin Oita kafin Yaƙin Duniya na Biyu da lokacinsa. Azzalumi mai kula da fayil yakan bar shaida a kan kansa.

YADDA SUKA ƁUYA

Waɗanda suka rage sun zaɓi su taka hoton su rayu. Wannan shi ne asalin al'amarin, kuma shi ne abin da ya fi yi musu ciwo. A fili su mabiya Buddha ne, suna biyan abin da ɗakin ibada ya yanka musu, suna halartar bukukuwan Shinto. In sun dawo daga taka hoto sai su shiga ɗaki su karanta wata doguwar addu'ar tuba da suke kira Konchirisan, wadda limaman farko suka koyar don wanda mutuwa ta riska ba limami kusa. Da yake limamin bai zo ba har shekara 200, addu'ar nan ta zama ita ce madogara. In an yi rasuwa dole a kira malamin Buddha ya yi karatunsa a kan gawa. To, a wani ɗaki na kusa, ko bayan ya tafi, sai dattawa su karanta tasu addu'ar ta warware abin da ya karanta.

Sun tsara kansu ba tare da wani ya tsara su ba. A ƙauyen Urakami, arewa da Nagasaki, akwai chokata, mai riƙe da kalanda, shi ke lissafa ranar Kirsimati da ta Ista da kwanakin azumi, da ranakun da ba a taɓa taki ko allura. Akwai mizukata, watau mai ruwa, shi ke yi wa jarirai baftisma. Akwai kuma kikiyaku, mai kai saƙo gida-gida. Muƙamin mai kalanda a Urakami ya zauna a gida ɗaya har tsara bakwai, na ƙarshensu, Kichizo, ya mutu a kurkuku bayan kamen 1856. Addu'o'in kuwa, da suke kira orasho, haɗin gambiza ne na Latin da harshen Fotugal da na Jafan, ana koyar da su baki da baki, cikin dare, da murya ƙasa-ƙasa. Da tafiya ta yi nisa ma'anar kalmomin ta ɓace wa masu karantawa, amma sautin ya zauna. Wani masanin kiɗa, Minagawa Tatsuo, ya shafe shekaru yana neman asalin wata waƙar ibada da ake rerawa a tsibirin Ikitsuki, daga bisani ya same ta a babban ɗakin karatu na Madrid, cikin wani littafin ƙarni na 16. Waƙa ce ta wani yanki na Sifen wadda a can gida an daɗe da daina rera ta.

Kowane ƙauye da irin mayafinsa. A Sotome da tsibiran Goto sukan ajiye farin gunkin tangaran na Kannon, uwar jinƙai a addinin Buddha, wanda ake kawowa daga Sin, mace riƙe da jariri. Jami'i ya gani ya ga Kannon, mai gida kuwa Maryamu yake gani. Masuntan Sakitsu, a Amakusa, sukan adana ɓawon wata irin dodon-koɗi ta teku, suna ganin surar Maryamu a cikin ƙyallinsa. A Ikitsuki zane-zane ne ake naɗewa a ɓoye a ɗakin ajiya, an zana Maryamu da tufafin matan Jafan. Mutanen Kasuga suna girmama dutsen Yasumandake tare da maƙwabtansu na sauran addinai, suna kuma ɗebo ruwan baftisma daga tsagin dutse a ɗan tsibirin Nakaenoshima, inda aka kashe 'yan'uwansu a 1622 da 1624. A Ono kuwa cikin ɗakin tsafin Shinto ɗin kansa suka ɓoye abin bautarsu.

Daga 1797 sarkin Goto ya nemi manoma daga ƙasar Omura don su share masa daji. Mutanen Sotome suka ga hanya ta samu, wajen mutum 3,000 suka haye teku. Ƙasa mai kyau tana hannun 'yan gari, baƙin sai gangaren duwatsu da bakin gaɓa inda ba abin da ke yi sai dankali. Waɗansu suka zauna a Kashiragashima, tsibirin da ake kai masu cutar agana, don sun san ba jami'in da zai so leƙa wurin.

Kada mai karatu ya ɗauka hukuma ba ta san kome ba. A 1805 bincike ya tono fiye da mutum 5,000 a ƙauyuka huɗu na Amakusa, har da Sakitsu. Da an rubuta cewa Kirista ne, da sai a kashe su, haraji ya faɗi, a kuma tambayi jami'an yankin inda suke duk shekarun nan. Sai aka rubuta cewa mutane ne da suka yi kuskuren fahimta a sha'anin addini, aka karɓe kayan ibadarsu, aka sa su taka hoto, aka rufe fayil. Ɓuyan nan na shekara 250 ya yiwu ne da ƙarfin halin masu ɓuya, da kuma kawar da kai na maƙwabta da dagatai da malaman Buddha da suka sani suka yi shiru.

Akwai wani zance da suka gāda daga wani mai wa'azi ɗan ƙasa da suke kira Bastian, cewa bayan tsara bakwai limamai za su dawo cikin baƙaƙen jirage. An kuma bar musu alamu uku na gane na gaskiya: ba ya aure, yana girmama Maryamu, yana bin shugaban da ke Rum.

RANAR DA ASIRI YA TONU

A 1858 ƙasashen Turai da Amurka suka tilasta wa Jafan buɗe tasoshinta, aka yarda baƙi su gina wuraren ibada don kansu kawai. Limaman Faransa biyu, Louis Furet da Bernard Petitjean, suka gina majami'a a unguwar Oura, fuskarta na kallon tudun da aka gicciye mutum 26. An gama ta a ƙarshen 1864, aka buɗe cikin Fabrairu 1865. Mutanen gari suna zuwa kallo, suna kiranta ɗakin ibadar Faransa.

Ran 17 ga Maris 1865, da tsakar rana, Petitjean ya ga mutum goma sha wani abu tsaye a ƙofa, maza da mata da yara. Ya buɗe musu, ya je ya durƙusa gaban bagadi. Sai wata mace daga cikinsu, ungozoma daga Urakami mai suna Sugimoto Yuri, ta matso ta raɗa masa cewa zuciyarsu da tasa ɗaya ce, ta kuma tambaye shi inda surar Maryamu take. Ya kai su. Surar tana nan har yau a gefen bagadin. Cikin 'yan watanni wakilai suka yi ta zuwa a ɓoye daga Sotome da Goto da Amakusa, suna yi masa tambayoyin nan uku, shi kuma yana bincika kalmomin baftismarsu, ya tarar a wurare da dama ba su kauce ba. Mutanen da Turai ta ɗauka an shafe su tun tuni, ashe dubun dubata ne.

Amma tsugune ba ta ƙare ba, gama dokar hani tana nan. A 1867 mutanen Urakami suka ƙi kiran malamin Buddha a kan gawa, suka gaya wa dagaci a fili. Aka kama 68. Shekara ta gaba mulkin Tokugawa ya faɗi, sabuwar gwamnatin Sarki Meiji, wadda ake yabo da kawo zamani, ta fi ta dā tsanani. Ta kwashe ƙauyen kakaf, kimanin mutum 3,400, ta rarraba su larduna wajen 20, aka yi ta gana musu azaba da yunwa da ruwan ƙanƙara don su tuba. Fiye da 600 suka mutu. Waɗanda suka dawo ba su kira abin da wani suna mai nauyi ba, "tafiya" kawai suke ce masa. A tsibirin Hisaka an cusa mutum wajen 200 cikin ɗaki ɗaya wanda bai wuce murabba'in mita 20 ba, har wata takwas, 42 suka mutu, da yawansu yara.

Abin da ya kawo sauƙi daga waje ya zo. Tawagar Iwakura, da ta zaga Amurka da Turai daga 1871 tana neman a gyara yarjejeniyoyin da aka ɗora wa Jafan, duk inda ta je sai an tayar mata da maganar Urakami. Cikin Fabrairu 1873 aka sauke allunan hani. 'Yancin addini kuwa sai a tsarin mulki na 1889 aka rubuta shi.

GINE-GINEN TALAKAWA

Sai a nan ne majami'un suka shigo labarin. Kusan dukkansu masunta da manoman dankali ne suka gina su da guminsu, suna ɗauko duwatsu da bulo a baya daga bakin teku. A Shitsu wani limami ɗan Faransa, Marc de Rotz, ya gina doguwar majami'a mai gajeren rufi a 1882 saboda iskar teku, ya kuma kafa wa mata masana'antar saƙa da taliya da dukiyar gidansu. Ta Kuroshima, ta 1902, ta ci bulo wajen 400,000. Ta Egami, ta 1918, ta katako ce, an ɗaga ta daga ƙasa saboda laima, da kuɗin gilashi mai launi ya gagara sai aka zana furanni da hannu a kan farin gilashi. Ta Kashiragashima, tsibirin agana, da dutsen wurin aka gina ta, aikin ya ɗauki kusan shekara goma don kuɗi na yankewa, aka gama a 1919. Maginin da ya yi da yawa daga cikinsu, Tetsukawa Yosuke, ɗan Goto ne, kuma har ya rasu a 1976 mabiyin Buddha ne.

Inda aka zaɓa aka kafa waɗansunsu ma magana ce. Majami'ar Sakitsu ta 1934 tana kan filin gidan dagaci, an kuma ce daidai inda ake ajiye hoton takawa a nan aka sa bagadi. A ciki tabarma ce shimfiɗe irin ta gidajen Jafan. Mutanen Urakami ma da suka dawo daga "tafiya" gidan dagacinsu suka saya. Suka fara gini a 1895, aka buɗe a 1914, hasumiyoyi biyu suka kammala a 1925, ta zama majami'a mafi girma a gabashin Asiya a zamaninta.

Shekara 20 kacal ta yi a kammale. Ran 9 ga Agusta 1945, ƙarfe 11 da minti 2 na safe, bom ɗin atom na Amurka ya fashe a sararin Urakami, kimanin mita 500 daga majami'ar. Limamai biyu da masu ibadar da ke ciki duk suka hallaka. Daga cikin Kirista wajen 12,000 na yankin, kimanin 8,500 suka mutu, jikokin waɗanda suka tsira daga rami da gudun hijira. An yi ta muhawara ko a bar kangon don tunawa, kamar yadda Hiroshima ta bar nata, amma a 1958 aka rushe shi, aka sake gini a wurin a 1959, gama jama'ar ba su yarda su bar filin da kakanninsu suka taka hoto ba. Kan hasumiya ɗaya yana nan kwance a gefen tudu inda ya faɗo. Saboda sabon gini ce, majami'ar Urakami ba ta cikin wurare 12 na UNESCO, alhali kuwa daga ƙauyen ne matar nan ta fito.

WAƊANDA SUKA ƘI FITOWA

Ba duka ne suka koma ɗariƙar Katolika ba. Limaman Faransa sun ce sai an fid da allunan sunayen kakanni da bagadin Buddha daga gida, a kuma sake koyon addinin daga tushe. Jama'a da yawa, musamman a Ikitsuki da sassan Sotome da Goto, suka ga wannan butulci ne ga iyayen da suka sha wuya a kan wannan hanya, da kuma ɗakunan ibadar da suka rufa musu asiri. A Shitsu har rikici ya tashi a kan wanda zai riƙe tsofaffin hotuna. Sai suka ci gaba da abin da suka gāda, da orasho da mai ruwa da mai kalanda, ko da yake babu sauran mai farautarsu. Su ne ake kira Kakure Kirishitan. Masana sun daɗe suna gardama ko abin da ke hannunsu Kiristanci ne na ƙarni na 16 da ya daskare, ko kuwa wani addini ne dabam da ya tsiro a ƙasar Jafan. Su kansu ba su cika damuwa da tambayar ba.

Marubuci Endo Shusaku ya sa duniya ta san zamanin azabar da littafinsa na 1966, wanda Martin Scorsese ya mayar fim a 2016, kuma Paparoma biyu sun ziyarci Nagasaki, a 1981 da 2019. Masu yawon buɗe ido sun ƙaru tun 2018, har ana roƙonsu su ba da sanarwa kafin su zo, don yawancin majami'un wuraren ibada ne har yanzu. Amma abin da takobi da rajista suka kasa, ƙaura zuwa birni da tsufa suna yinsa a hankali. Kakure Kirishitan, waɗanda a tsakiyar ƙarni na 20 ake lissafa su da dubbai masu yawa, yanzu ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, galibi tsofaffi. Orasho na bukatar watanni ana haddacewa, samari kuwa suna Fukuoka da Osaka wajen aiki. Ƙungiya bayan ƙungiya tana taruwa ta yi addu'ar ƙarshe, ta nemi gafarar kakanni, ta miƙa zane-zanenta ga gidan adana kayan tarihi na Ikitsuki.

Ƙauyukan da suka koma Katolika ma ba su tsira daga wannan ba. A tsibirin Nozaki gidaje 17 ne suka tsuke bakin aljihu, suna rage abin da suke ci, har suka gina majami'ar Nokubi ta jan bulo a 1908. A 1971 sauran mutanen ƙauyen suka kwashe kayansu suka bar tsibirin. Majami'ar tana nan a kan tudu tana kallon teku, gonakin da aka sassaƙa a gangaren dutse sun koma saura, barewa ɗaruruwa ne ke kiwo a cikinsu.